Shekarun Yaya a Bakin Ganga

A gidanmu na Muchia an taɓa yin wani lokaci da ba a ambaton shekaru. Ko akuyar maƙwabta ka gani ka ce ta tsufa, sai Mama ta harare ka, ta nuna ƙofar ɗakin Yaya da baki. Ni kuwa a lokacin shekarata sha huɗu, bakina ba ya rufuwa, ƙafata ba ta zama wuri ɗaya, don haka ni ce na fi kowa shan harara.

Yaya shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Yana jami'a a Samaru. A takarda sunan karatunsa tattalin arziki, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. "Fainans," zai ce, yana ɗaga yatsa. "Harkar kuɗi da banki. Tattali ai ko Mama tana yi da gishirin miya." Bai shiga jami'ar da wuri ba. Jarrabawar shiga ya yi ta rubutawa, har masu gadin wurin suka fara tambayarsa lafiyar mutanen gida. Ranar da sunansa ya fito, Mama ta yi rawa a ƙofar gida har ɗankwalinta ya faɗa kwata.

A shekarun nan ne bankuna suka yi ta tsirowa a Sabon Gari. Ka kwanta wuri yana shagon taya, ka tashi ya zama gidan gilashi. Kowanne da ƙofarsa mai magana, wadda za ta kulle ka cikin ɗan akwati ta yi maka faɗa da muryar Baturiya idan ta ji makulli a aljihunka. Na sha shiga. Ba ni da ko sisi a ciki, sanyi nake zuwa sha. In bi layi da fuskar mai arziki, in na kusa kaiwa gaba sai in taɓa aljihu kamar na yi mantuwa, in koma baya in sake bin layin.

Yaya ba sanyin yake kallo ba, ma'aikatan yake kallo. Samari da kwat baƙa da igiyar wuyan nan da suke kira nektai, takalminsu yana ƙara a kan tayil kamar ana fasa goro. Tun yana aji biyu ya sayi tasa igiyar a gwanjo, ja mai ɗigo-ɗigo. Ya rataye ta a ƙusa kusa da madubi, kullum a ɗaure, don wanda ya ɗaura masa ita ya bar gari, shi kuwa bai iya ba.

Baba malamin firamare ne, kuma shi ne magatakardan cocinmu. Wata rana ya cire tabarau ya tambayi Yaya: "Wai karatun nan naka, in ban da banki, ina yake kai mutum?"

Yaya ya gyara zama. Ya ce yana kai mutum kasuwar hannun jari a Legas, inda ake sayen kamfani a sayar kafin shayi ya huce. Ya ce akwai masu binciken asusun kamfanoni, waɗanda in sun shigo ofis har manaja yake miƙewa. Akwai inshora, akwai ofishin haraji, kuma duk masana'antar da ka gani tana hayaƙi akwai wani a ciki da yake gaya mata ko riba take ci ko kanta take ci.

"To ai ƙofofin da yawa," in ji Baba.

"Da yawa, Baba. Amma ni banki."

Sai dai bankin yana da sharaɗi, kuma duk sanarwar neman ma'aikata da ta fito a jarida da shi take ƙarewa: kada mai nema ya wuce shekara ashirin da shida. Yaya ya shiga ajin ƙarshe yana da ashirin da huɗu. Ya zauna ya yi lissafinsa: ya gama yana ashirin da biyar, ya yi shekarar bautar ƙasa, ya fito yana ashirin da shida cif. Ya shiga ke nan, ƙofa ta rufe a kan wutsiyar rigarsa. Babu rarar ko mako guda. Da mura ta so kama shi a shekarar, sai ta nemi izini a rubuce.

Sai malaman jami'a suka tafi yajin aiki.

Ni aka tura na raka shi Samaru kwaso kaya. Muka hau motar haya, katifa a kan cinyata, risho a tsakanin ƙafafunsa, bokiti a kan wani bawan Allah da bai yi mana laifin komai ba. A bakin ƙofar jami'a ɗalibai sun cika titi da jakunkuna, suna ta sallamar juna sai an dawo karatu: "Sai mun yi rizumin," "Kai, ba zai wuce tu wiks ba." Yaya ma haka ya ce wa Mama da muka iso: mako biyu. Ko ɗaurin katifar bai kwance ba.

Mako biyu ya wuce, ya haifi wata, watan ya haifi ƙannensa.

Ban taɓa ganin mutum ya kasa zama irin Yaya a watannin nan ba, ni da ake cewa an haife ni da tsutsa a ƙafa. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa bakin rijiya, daga bakin rijiya zuwa ƙofar gida, ya leƙa titi kamar yajin aikin zai biyo ta layinmu a kan acaɓa ya sauka, ya dawo. Simintin tsakar gidanmu har yau akwai hanya a kansa, ruwan wanke-wanke ita yake bi. Rediyo yana manne a kunnensa. In lokacin labarai ya yi, ko kaza ba ta isa ta yi kuka ba. A ce an zauna taro, a ce an ɗage taro, a ce an kafa kwamitin da zai sa ranar taro. Da safe ya tafi Kwangila wurin mai jarida, ya tsaya cikin masu karatun kyauta, ya karanta sanarwar bankuna ɗaya bayan ɗaya kamar zai tarar an yi wa sharaɗin gyara. Wani lokaci ya zarce Samaru, ya zagaya, ya ga masu fotokwafi suna gyangyaɗi a kan injinsu, masu abinci suna korar ƙuda, ya dawo ya ba mu labari kamar ya je gaisuwar mutuwa.

Da abin ya ishe shi sai ya mai da ni ɗalibarsa. Ya zaunar da ni a kan turmi, ya ɗauki gawayi.

"Abu na farko a fainans: nairar yau ta fi nairar gobe daraja."

"Me ya sa?"

"Saboda ta yau za ki iya juya ta. Lokaci kansa yana da farashi."

Wata rana kuma ya koya mini yadda kayan aiki suke rage daraja. Ya ce in ka sayi injin niƙa, kowace shekara sai ka zabge wani abu daga ƙimarsa, har ranar da zai zama ƙarfe kawai.

Na ce, "To Yaya, kai nawa kake raguwa a wata?"

Silifas ɗinsa ya same ni a bakin ƙofar gida. Ajin bai sake zama ba.

Da damina ta yi nisa, kowa ya ga lissafin ya rushe. Ko a ranar aka janye yajin, ya riga ya rasa rukunin bautar ƙasa da ya sa rai, sai na gaba. Zai fito yana ashirin da bakwai. Shekara ɗaya tak, amma ta tsaya a ƙofar bankin ta fi mai gadi faɗi.

Maganin daga maƙwabciyarmu ya fito, mai sayar da garin rogo. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta zauna tana taya Mama gyaran wake, ta ce, "Ke ma dai, Maman Yaya. Wannan ne ya hana ku barci? Kowa fa shekaru biyu gare shi, na gida da na aiki. A je kotu a yi rantsuwar shekaru, a buga hatimi, shi ke nan. Ƙanen mijina sau biyu ana haihuwarsa."

Mama ta ajiye faifai. Na ga idonta yana lissafi.

"A rage biyu," ta ce.

"Ɗaya ai ta isa."

"Ɗaya ta wannan yajin. Ɗaya ta mai zuwa."

Da aka kai maganar gaban Baba, bai ɗaga murya ba. Baba ba ya ɗaga murya, tabarau yake saukewa. Ya sauke shi zuwa kan hanci ya ce, "Ni na san ranar da aka haife shi. Ruwa ya dake ni a hanyar kiran ungozoma. Ba zan je gaban alƙali in ce ruwan bai dake ni ba."

"Wa ya ce kai za ka je? Shi zai je."

"To ya je. Babba ne."

Wannan "babba ne" ya fi bulala. Yaya ya ƙara wa zagayensa tsawo, ya haɗa da bayan gida.

Yanzu sai in faɗi inda ni na shigo, don da hannuna aka so a aikata abin.

A cocinmu akwai al'ada. Lahadin farko na kowane wata, duk wanda aka haifa a watan zai fito gaba. Baba ne yake kiran sunaye. Fasto ya tambayi mutum, "Shekara nawa Ubangiji ya ba ka?" Mutum ya faɗa. Sai mai ganga ya buga sau ɗaya domin kowace shekara, jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi, a ƙarshe a yi tafi, a yi addu'a. Mai gangar kuwa ni ce. Baba ne ya roƙa a ba ni, don ya ce in hannuna bai sami aiki ba a lokacin wa'azi, kunnen 'ya'yan mutane yake samu. Watan da tsofaffi suka yi yawa, kafaɗata sai an gasa ta da ruwan zafi. Akwai wata tsohuwa da ba ta san shekarunta ba, kowace shekara biyar take ƙarawa, ta kusa cim ma mutanen zamanin ruwan tufana.

Yaya ɗan watan Agusta ne. Tun yana goye ake fita da shi, bai taɓa fashi ba, kuma ba yadda za a yi Baba ya tsallake sunan ɗansa.

Da a shekarun baya ne, da babu damuwa. Amma a shekarar an kawo wani sabon mutum cocinmu, ma'aikacin ɗaya daga cikin bankunan gilashin. Ban san ko manaja ne da gaske ba, amma duk wanda ya fito daga banki da mota, a wurinmu Manaja ne. Kujerar gaba aka ba shi. Mama ta riga ta fara noma a gonarsa: yau ƙwan zabi, gobe ɗanyar masara, jibi "yaya madam, yaya yara." Har ya taɓa dafa kafaɗar Yaya ya ce in ya gama ya kawo takardunsa. To in mutumin nan ya ji ashirin da biyar da kunnensa, ganga tana tabbatarwa, gobe a kai masa takarda mai ashirin da uku?

Ranar Asabar da rana Mama ta kira ni kicin. Ta ɗauko kan kifi, wanda a tarihin gidanmu bai taɓa sauka a kwanon kowa ba sai na Baba, ta ɗora mini a kan tuwo.

"Autata."

"Na'am, Mama."

"Gobe in kin kai ashirin da uku, hannunki ya gaji."

"In Yaya ya ce da biyar fa?"

"Ba zai ce ba. Na yi masa magana. In ma ya ce, wa yake jin muryarsa? Ganga ake ji."

Na cinye kan kifin har ido. Ina fitowa ina suɗe hannu na tarar da Baba a kan kujerarsa yana goge takalmin coci. Bai ɗago ba.

"Mai ganga."

"Baba."

"Gobe ki buga a hankali. Ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara kyauta ce, a ji ta."

Na wuce neman Yaya.

Na sami Yaya a bakin rijiya, yana tsaye yana kallon cikinta. Na ce, "Yaya, don Allah nawa za ka ce? In sani. Mama ta biya ni, Baba ya yi mini wa'azi."

Ya sunkuya ya tsinci ɗan dutse. Sannan ya ce, "Kin san me ya fi ba ni haushi? Ban faɗi jarrabawa ba. Ban yi wasa ba. Ina zaune kawai, shekarar tana wucewa ta kaina." Ya jefa ɗan dutse a rijiyar. "In na ce uku, Baba zai rubuta addu'ar godiya a kan ƙarya, yana kallona. In na ce biyar, shekara huɗu na yi ina karanta ƙofar da ba zan shiga ba."

"To nawa?"

"Ban sani ba. Tafi ki ba ni wuri."

Wannan ne karo na farko da na tambayi Yaya lissafi ya ce bai sani ba.

Lahadi coci ta cika har taga. 'Yan zumuntar mata sun yi anko, sun cika kujerun hagu da tulunansu na kiɗa. Manaja yana gaba, makullin motarsa a kan gwiwa. Yaya ya sa igiyar wuyansa ja, ta shaƙe shi har idonsa ya fito. Aka fara da wata jaririya, bugu ɗaya. Aka yi wani ɗan shekara tara. Sannan Baba ya gyara murya ya kira sunan ɗansa, cikakke, har da na kaka.

Fasto ya miƙa masa makirfo da fara'a. "Ɗalibinmu na jami'a. Shekara nawa Ubangiji ya ba ka?"

Yaya ya buɗe baki. Ya kalli Mama. Ya kalli Baba. Ya kalli Manaja. Ya rufe bakin.

Shiru ya sauka, irin wanda ake jin fanka tana kuka. Fasto ya sake tambaya. Yaya ya ce, "E to, Fasto..." ya tsaya. Gumi ya biyo igiyar wuyan yana ɗiga.

Ni ba na iya jure shiru. Ciwo ne, tun haihuwa. Kafin in yi tunani, makaɗi ya sauka a kan ganga.

"Ɗaya!" in ji jama'a, don sun saba.

Na ci gaba. Biyu, uku, goma. Ina bugawa ina addu'ar a ɗauke wuta, ko rufi ya faɗo, ko a busa ƙahon ƙarshe. Sha biyar. Ashirin. Mama ta tsare ni da ido daga cikin 'yan anko. Baba ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Ashirin da ɗaya! Ashirin da biyu! Ashirin da uku!"

Hannuna ya tsaya a sama.

"Amin!" Mama ta yi ihu, ta miƙe tana tafi ita kaɗai. "Mun gode wa Ubangiji!"

Tabarau ya ƙara sauka. Na ga in na tsaya Baba ya kashe ni, in na ƙara Mama ta karɓi kifinta. Sai na yi abin da ya zo mini: na saki kiɗan rawa, mai sauri, wanda ko injin banki ba zai iya ƙirga shi ba. Matasan baya suka ɗauka an gama, suka miƙe suna rawa. Na ce a raina, shi ke nan, na ceci gida.

Na manta da Kaka mai tulu.

Tsohuwa ce a zumuntar mata, ita take riƙe babban tulu, wanda in ta buga bakinsa har cikin ƙirji ake ji. Ba ta ji sosai, amma ba ta mantuwa. Ta bari kiɗana ya lafa, ta ɗaga hannu.

Tum.

"Ashirin da huɗu," ta ce da muryar da ta kai titi.

Tum.

"Ashirin da biyar. Yarinyar nan ba ta iya ƙirga ba. Mako ɗaya ne tsakaninsa da 'yata ta uku, ni na dama wa uwarsa kunun jego. 'Yar tawa ga ta can, 'ya'yanta uku."

'Yar ta ɗaga hannu daga baya, don a gan ta.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma wata daga gefenta, matar wani dattijo, ta ce, "A'a, Kaka. Ai ya girme ta. Shi da ɗana aka yi musu baftisma rana ɗaya, ɗana kuwa ashirin da shida ne." Ta jawo nata tulun. Tum.

"Da shida!" in ji yaran gaba, da murna.

"Shekarar da aka yi wa cocin nan rufin kwano fa?" wata ta ce. "Yana gudu a lokacin. Ya kai da bakwai."

Tum.

Wallahi sai ka ce gwanjo ake yi. Kowace mai tulu tana da shekarar da za ta ba Yaya. Ina kallonsa yana tsufa a tsaye. Da an bar su minti biyar, da a ranar zai karɓi fansho. Fasto yana ɗaga hannu ba mai kallonsa. Mama ta zauna ta rufe fuska da littafin waƙa.

Sai Yaya ya fizge makirfo.

"Ashirin da biyar ne!" Lasifika ta yi ƙara, jaririyar ta fashe da kuka. "Biyar! Ba shida ba, ba bakwai ba! Ashirin da biyar, ranar Talata mai zuwa! A tambayi Baba!"

Baba ya mai da tabarau mazauninsa. "Haka ne," ya ce. Ya dube ni. "Mai ganga, saura biyu."

Na buga su. Ɗaya bayan ɗaya. An ji su.

Bayan an tashi, Mama ta bi ta ƙofar baya ta tafi gida ko gaisawa da mutane ba ta tsaya yi ba. Yaya ya so ya bi ta, amma Manaja ya yafuto shi daga gindin motarsa. Ni kuma na tsaya kusa ina gyara igiyar ganga da ba ta lalace ba.

Mutumin yana dariya har da hawaye. "Kai, na daɗe ban ji daɗin sujada irin yau ba." Ya share ido. "Ashirin da biyar, ajin ƙarshe, ga yajin aiki. Ɗan'uwa, ba za ka kai ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ba a hannuna yake ba. Kwamfuta ce a Legas take tace takardun kafin mutum ya gani. Ita ba ta cin ƙwan zabi." Ya sassauta tasa igiyar wuyan. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, fuskarsa ta canza. "Ka gani? Ranar Lahadi. Ogana ne, zai tambaye ni asusu nawa na buɗe a coci." Kafin ya ɗauka ya ce, "Akwai jarrabawar ƙwararrun akantoci. Ita ba ta tambayar shekaru. Ka fara karatunta tun yanzu, maimakon zaman jiran rediyo." Ya shiga mota yana "Yes sa, yes sa," ya tafi.

A hanyar gida Yaya ne a gaba. Ina binsa da ganga a kai. Da muka zo daidai bankin da nake shan sanyi, ya tsaya. A rufe yake, sai mai gadi da kare. Yaya ya kalli kansa a gilashin, ya kai hannu wuya, ya ja igiyar. Ɗaurin nan na shekara uku ya warware. Ya tsaya yana kallonta a hannunsa, doguwa, duk ta yamutse.

"Yanzu wa zai ɗaura maka?" na ce.

"Ke dai wuce mu tafi."

Mama ba ta haƙura nan da nan ba. Ta ce ai ba banki ɗaya ba ne a duniya, akwai waɗanda ba su zo cocinmu ba. Yaya ya ce ya riga ya faɗa da bakinsa a lasifika, rabin Muchia sun ji, ba zai iya ɗaukar shekaru biyu ba, ɗaya ma ta yi masa nauyi. Kaka mai tulu ta yi wata uku tana gaishe da Mama, Mama tana amsawa da hanci. Tsohuwar har yau ba ta san laifinta ba. Ni kuma ban sake ganin kan kifi ba.

Yaya ya kwance ɗaurin katifarsa a makon. Rediyon ya koma ɗakin Baba. Zagayen bai daina ba, sai dai yanzu da littafi a hannu, yana tafe yana magana shi kaɗai, kaji suna ba shi hanya.

An janye yajin daga baya, kamar yadda ake janye kowanne. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana ashirin da bakwai, daidai yadda lissafi ya ce. Yanzu yana ofishin kuɗi na wata masana'anta a Chikaji. Babu gilashi, babu ƙofa mai magana, fanka ɗaya ce kuma sai an tura ta da sanda. Ya ci matakin farko na jarrabawar akantocin, yana fama da na gaba. Shi kaɗai ne a duk masana'antar yake sa nektai. Ya koyi ɗaurawa, amma kullum gefe ɗaya ya fi tsawo. In mun bi ta gaban banki har yanzu tafiyarsa tana raguwa, sai ya ce wai takalmi ne yake matsa shi.

Ni yanzu shekarata sha bakwai, na rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma fainans na ce ina so, duk da abin da idona ya gani. Sakamako bai fito ba. Yaya ya yi mini lissafi da gawayi a bangon kicin: in na shiga bana, ina da rarar shekara huɗu. Ya ce in kasa su, biyu na yajin aiki, ɗaya ta jiran bautar ƙasa, ɗaya ta halina. Kullum da safe sai na je na duba bangon ko wani ya goge. Daga nan in leƙa titi, in dawo bakin rijiya, in koma ƙofar gida. Jiya Mama ta ce in bar bin hanyar Yaya, simintin ya kusa hujewa.

Lahadin da ya wuce watan haihuwata ne. Ni na buga wa kaina. Da na kai sha bakwai na tsaya, na ɗora hannu a kan fatar gangar don kada ta yi ko amo, na juya na tsare Kaka mai tulu da ido har Fasto ya ce amin.